“Daga Sama Aka Ce”: Tsaka Mai Wuyar Masu Duba Ayyukan Kwangila A Rogo Da Ƙaraye

Idan ya rage kwana biyu a buɗe sabon ginin ajujuwa a ƙauye, harabar makaranta ba ta zama shiru. Mai fenti yana ta sauri, leburori suna kwashe ragowar yashi da ɓaraguzan bulo, an aika cikin gari a ɗauko rumfa da kujerun haya. Daga bakin hanya ginin sai sheƙi yake yi.

A irin wannan rana ce jami'in da aka ɗora wa duba aikin yakan iso da fayil a hammata. Zai zaro makullin babur ɗinsa ya karta a jikin bango. Idan shafen ya zubo gari-gari, ya san yashi ya rinjayi siminti. Zai buga diddige a daɓe ya saurari ƙarar. Zai ɗaga kai ya duba kaurin katakon rufi da tazarar da ke tsakani, ya lanƙwasa gefen kwano da yatsu biyu, ya ji ko mai kauri ne ko kuwa fallen da iskar farkon damina za ta yaye.

Kafin ya gama zagayawa waya ta yi ƙara. Mai kiran ba ya tambayar abin da aka gani. “Injiniya, jibi manya za su zo. Ka sa hannu kawai, a gyara sauran daga baya. Daga sama aka ce.”

Wannan hali ne da masu duba ayyukan gwamnati ke faɗawa ciki a ko'ina, daga ginin aji zuwa ɗakin shan magani, daga kwalbati zuwa rijiyar burtsatse. Sai dai ya fi tsanani a wuraren da ke nesa da idon hukuma, irin su Fulatan, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Rogo, can yammacin Kano inda jihar ta yi iyaka da Kaduna da Katsina.

Daga Rogo zuwa birnin Kano tafiyar fiye da kilomita 100 ce. Wanda ya ba da kwangila yana Kano ko Abuja, kuma sau da yawa bai taɓa taka garin da za a yi aikin ba. Takarda ya sani. In ta ce an gama, sai a biya. Ke nan haƙƙin mutanen Fulatan da Zarewa da Beli da Zoza, da na 'yan uwansu na Turawa da Yammedi a ƙasar Ƙaraye, yana rataye a wuyan mutum ɗaya ko biyu masu riƙe da biro.

Kuɗi na fita, aiki na maƙalewa

Ayyukan da ke isa karkara ta ƙofofi da yawa suke shigowa. Akwai na mazaɓu, waɗanda 'yan majalisar tarayya ke sakawa a kasafin kuɗi, hukumomin tarayya kuma su ba da kwangilarsu. An daɗe ana ware musu kusan Naira biliyan 100 a kowace shekara. Akwai gine-ginen firamare da ake yi da kuɗin haɗin gwiwa tsakanin UBEC ta tarayya da SUBEB ta jiha. Akwai na gwamnatin jiha, da na ƙananan hukumomi, da na ƙungiyoyin ba da tallafi.

Kukan ba sabo ba ne. A 2011 kwamitin da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa ƙarƙashin jagorancin Ibrahim Bunu ya ƙirga ayyukan gwamnatin tarayya kusan 12,000 da ba a kammala ba a faɗin ƙasar. A ƙarshen 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya faɗa a bainar jama'a cewa an kashe kusan Naira tiriliyan 1 a kan ayyukan mazaɓu cikin shekara 10, ba tare da talaka ya gani a ƙasa ba. A shekarar ce hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ta fara bin sawun waɗannan ayyuka gari-gari, ta kuma tilasta wa 'yan kwangila da dama komawa bakin aikin da suka karɓi kuɗinsa suka tsere.

A Kano, titunan kilomita 5 da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta bayar a ƙananan hukumomi a zangonta na 2011 zuwa 2015 sun zama abin misali. Da yawansu sun ratsa shekara 8 ta gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ba a ƙarasa su ba, kowane ɓangare yana ɗora wa ɗaya laifi, har gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta sake waiwayar su bayan 2023.

To amma aikin da aka watsar kowa yana ganinsa, ana kuma iya kai ƙararsa. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda aka rubuta an kammala, aka yi biki, aka biya kuɗi, alhali cikinsa ha'inci ne.

Yadda takarda ke tafiya

Kowace kwangilar gini tana da takardar ƙididdiga da ta zayyana komai: yawan bulo, kaurin rodi, irin kwanon rufi, zurfin harsashi, har da adadin ƙofofi da tagogi. Dokar ba da kwangila ta tarayya ta 2007 ta yarda a ba ɗan kwangila kuɗin kafin alƙalami da bai wuce kashi 15 cikin 100 ba, daga baya aka ɗaga shi zuwa kashi 30.

Sauran kuɗin daki-daki yake fita. Kowane mataki sai jami'in fasaha ya je ya auna, ya rubuta shaidar cewa an yi abin da aka ce za a yi. A ƙarshe akan riƙe kusan kashi 5 na wasu watanni, domin in bango ya tsage ko rufi ya yi yoyo a kira mai aiki ya gyara.

Akawu ba ya biya sai ya ga shaidar injiniya. Mai binciken kuɗi ba ya tuhuma matuƙar takardu sun cika. Saboda haka duk mai son cin kuɗin aiki ba tare da ya yi aikin ba, dole ya bi ta kan wannan sa hannu. Dalilin da ya sa ke nan nauyin manya gaba ɗaya yake sauka a kan ƙaramin ma'aikacin sashen ayyuka, wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata.

Inda ake yanke

Magina sun san wuraren da ake ragewa ba a gani. Buhun siminti mai kilo 50 yakan ba da bulo mai inci 9 kusan 30 idan ana son na ƙwarai. Mai neman riba yakan ja shi ya haura 45. A ido duk bulo ne, sai an ɗaga an sake shi ƙasa ake gane bambanci.

Haka rodi. Idan zane ya ce a sa mai milimita 16 a ginshiƙi ko linta, aka musanya da mai 12, mai kallo zai ce ai bambancin kaɗan ne. A lissafi kuwa ƙarfen da ke ciki ya ragu da kusan rabi. Da zarar an zuba kankare an rufe, babu mai sake ganinsa.

Kankaren kansa yana buƙatar a yi ta ba shi ruwa aƙalla mako guda, kuma sai ya yi wajen kwana 28 kafin ƙarfinsa ya cika. In ranar buɗewa ta matso, akan kwance katakon da ya tallafe shi tun bai ƙosa ba, a ɗora masa kaya.

Rijiyar burtsatse ma tana da nata. Ƙasar Rogo da Ƙaraye a kan dutse take zaune. Ruwan ƙarƙashinta yana cikin tsagogin dutsen ne da ruɓaɓɓen samansa, ba shimfiɗe yake ko'ina ba, don haka sai an yi awon ƙasa da na'ura kafin a san inda za a haƙa. Idan aka tsallake awon, ko aka kai rijiyar ƙofar gidan wani mai faɗa a ji maimakon inda awo ya nuna, ko aka haƙa da damina aka tsaya da ganin ruwan farko, ranar biki ruwa zai yi ta bulbulowa. Watan Maris ko Afrilu na kamawa famfo ya koma zuƙar iska, mata da yara su koma rafi.

Jami'in da ya san aikinsa ya san wannan duka. Abin tambaya shi ne me ke hana shi rubuta abin da ya gani.

Matsin da ba ya barin shaida

Na farko lokaci ne. Shekarar kasafi za ta ƙare, ko zaɓe ya ƙarato, ko an riga an sa ranar da babban baƙo zai zo. Babu mai son ya zama shi ne zai je ya ce wa mai gida a ɗage.

Na biyu kuɗi. Kwangila takan sauya hannu sau biyu ko uku kafin ta isa fili. Wanda aka ba da farko ba magini ba ne, ladan wahalar siyasa aka biya shi da ita, sai ya sayar ya cire nasa, mai saye ma ya cire. Wanda zai yi aikin a ƙarshe ya karɓi abin da ba zai isa ba, ga kuma kason ofis yana jiransa.

Na uku zumunci, kuma shi ya fi wuyar turewa a ƙasar Hausa. Ba tsawa ake yi wa jami'i ba. Kawunsa ake turo masa, ko surukinsa, ko wanda ya tsaya masa ya sami aikin. Za a zo bayan sallar Isha'i, a gaisa, a tambayi iyali, sannan a gyara zama a ce: “Ɗana, ka rufa wa bawan Allahn nan asiri, bashi ya ci ya yi aikin. Kada a ce kai ne ka hana ruwa gudu.” Wanda ya iya ja da darakta ba lalle ya iya haɗa ido da ƙanin mahaifinsa ba.

Na huɗu tsoro. Mai ƙin sa hannu yakan wayi gari an sauya masa wurin aiki, ko an zare shi daga kwamitin duba ayyuka, ko takardar ƙarin girmansa ta kwanta. A laƙa masa taurin kai, ko a ce ɗan adawa ne. Abin da ya fi karya masa gwiwa shi ne sanin cewa gobe wani zai sa hannun da ya ƙi sawa.

Akwai kuma wani ƙaramin abu mai babban tasiri. Ofisoshi da yawa ba su da mota ko kuɗin mai na zuwa duba aiki. Ɗan kwangila ne ke ɗaukar jami'i, ya saya masa abinci a hanya, ya miƙa masa na goro in za a rabu. Wanda ya je a motar mutum ya dawo a motarsa, da wuya ya zauna ya rubuta cewa aikinsa bai yi ba.

Duk waɗannan da baki ake yin su, ko ta waya. Ranar da abu ya ɓaci aka buɗe fayil, ba za a ga sunan wanda ya kira ba. Sunan mai sa hannu kaɗai za a tarar.

Su ma suna da abin faɗa

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. 'Yan kwangila na gaskiya suna da kuka mai ƙarfi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 aka kuma saki darajar Naira, farashin kayan gini bai zauna wuri ɗaya ba. Buhun siminti da ake saya ƙasa da Naira 5,000 a farkon 2023 ya haura 10,000 a farkon 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen shekarar. Wanda aka ba aiki da tsohon farashi, aka ƙi sake duba masa lissafi, an tura shi ne ya zaɓi tsakanin karyewa da ha'inci.

Ga kuma jinkirin biya. Dokar 2007 ta ce kuɗin da ya wuce kwana 60 bayan an miƙa shaidar aiki ba a biya ba, jinkirtacce ne da ya cancanci ƙari. A zahiri mutum yakan shekara yana zarya. A 2025 sai da 'yan kwangilar cikin gida suka yi ta zanga-zanga a Abuja kan bashin da suke bin gwamnatin tarayya.

Zancen kaso kuwa ya taɓa kowane ɓangare na siyasar Kano. A watan Oktoban 2018 jaridar Daily Nigerian ta fitar da hotunan bidiyo da ta ce suna nuna Gwamna Ganduje yana karɓar daloli daga hannun ɗan kwangila, zargin da ya musanta. A watan Agustan 2024 kuma aka yi ta ce-ce-ku-ce kan kwangilar sayen magunguna ga ƙananan hukumomi 44, har Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ce ba da saninsa aka yi ba, ya ba da umarnin bincike. Ko mece ce gaskiyar kowanne, ƙaramin ma'aikaci yana ji yana gani, kuma daga nan yake auna ko tsayuwarsa za ta yi amfani.

Shugabannin ma'aikatu su ma ba a rasa su da hujja. Sukan ce in aka tsaya jiran aiki marar aibi, kuɗin zai koma asusu, yara su ci gaba da karatu a gindin bishiya. Da babu gara ba daɗi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma ba ta kai ga halatta ƙarya ba. In kuɗi ba zai isa aji uku ba, a gina biyu masu kyau a rubuta biyu. Rage aiki a bayyane shawara ce da shugaba ke da ikon yankewa. Rubuta uku masu inganci alhali ba haka ba ne, wannan cin amana ne.

Wa ke biya?

Wani lokaci da rai ake biya. A ƙarshen watan Agustan 2022 wani bene da ake ginawa a kasuwar waya ta titin Beirut a Kano ya rufta kan mutane. A ranar 12 ga Yulin 2024 ginin makarantar Saints Academy a Jos ya rushe ana tsakiyar karatu, mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai.

A karkara asarar takan zo a hankali, shi ya sa ba ta shiga labarai. Rufin aji ya yaye a damina ta biyu, a haɗe yaran aji biyu a ɗaki ɗaya. Kwalbati ta karye a watan Agusta, motar da za ta kwashe masara ko rake ta kasa shiga, dillali ya karya farashi. Mai naƙuda ta kwana a hanya. Sannan da yake takarda ta nuna garin ya riga ya samu nasa, sai ya koma ƙarshen layi, ya jira wasu shekaru.

Mutanen Ƙaraye sun fi kowa sanin darajar aikin da aka tsaya a kansa. A ƙasarsu madatsar ruwa ta Challawa take, wadda kamfanin Julius Berger ya gina tsakanin 1990 da 1992, Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ke kula da ita. Tsayinta mita 42, tsawonta ya kusa kilomita 8, tana ɗaukar ruwan da ya kai wajen kubik mita miliyan 900. Duk wanda ke kwana a ƙasanta, barcinsa ya dogara ne da mutanen da bai sani ba, waɗanda suka auna dannuwar ƙasa da dutse suka sa hannu, da waɗanda ke duba ta a yau. Ɓallewar madatsar Bagauda a daminar 1988 da ta Alau da ta mamaye Maiduguri a watan Satumban 2024 sun nuna abin da ruwa ke yi in bango ya gaza.

Waɗanda suka ce a'a

A ranar 1 ga Nuwamban 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya ruguje, fiye da mutum 40 suka mutu, har da mai ginin. Bayan haka ne aka ga wata wasiƙa da kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da aikin ya rubuta tun watan Fabrairun 2020, inda ya janye hannunsa ya kuma nemi a cire sunansa daga allon aikin. Wasiƙar ta wanke masu ita, amma aikin bai tsaya ba.

A Amurka, daren da za a harba kumbon Challenger a watan Janairun 1986, injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol, ciki har da Roger Boisjoly, sun yi gargaɗin cewa tsananin sanyi zai sandarar da robar da ke toshe mahaɗar rokoki. Shugabanni suka danne shawarar, har aka ce wa ɗayansu ya cire hular injiniya ya sa ta manaja. Wakilin kamfanin a wurin harbawa, Allan McDonald, ya ƙi sa hannu, sai wani ya sa. Washegari, daƙiƙa 73 da tashi, kumbon ya tarwatse da mutum 7. Da suka faɗi gaskiya a gaban kwamitin bincike, kamfanin ya mayar da su saniyar ware, sai da 'yan majalisar ƙasar suka sa baki.

Labaran biyu abu ɗaya suke koyarwa. Ƙin sa hannu wajibi ne, amma mutum ɗaya ba ya tsayar da mummunan aiki in babu wanda zai tsaya a bayansa.

Addini da doka

A yankin da kusan kowa Musulmi ne, hukuncin ba ɓoyayye ba ne. Malamai sukan kawo labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya tura karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa. Manzon Allah ya hau mimbari ya yi tir da hakan, ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna babu mai kawo masa. Sukan kuma kawo labarin mai sayar da hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama. Rodin da aka rage aka lulluɓe da kankare bai fita daga wannan hukunci ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, a Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin ɗabi'un da ya yi Allah wadai da su.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar 2007 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, babu zaɓin tara, tare da kora daga aiki, ga jami'in gwamnati da aka samu da saɓa mata. Ba ta ware wanda ya ce umarni aka ba shi ba. Hukumar COREN mai rajistar injiniyoyi tana da ikon ƙwace lasisin wanda ya ci amanar sana'arsa. Kano kuma tana da Hukumar Karɓar Ƙorafe-Ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci.

Inda giɓin yake shi ne kariya. Shirin kwarmata bayanai da gwamnatin tarayya ta ɓullo da shi a watan Disamban 2016 ya yi alƙawarin ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin 100 na kuɗin da aka ƙwato, amma manufa ce ta ma'aikatar kuɗi, kuma an kwashe shekaru ana kai ƙudurin dokar kare masu fallasa gaban majalisa yana maƙalewa. Doka ta tanadi hukuncin wanda ya sa hannu a kan ƙarya. Ba ta yi wa wanda ya ƙi sawa cikakken tanadi ba.

Tsakanin sa hannu da ajiye aiki

Matashin jami'i yakan ɗauka hanya biyu ce kawai a gabansa: ya bi, ko ya rasa abincinsa. Tsofaffin hannu sun san akwai matakai a tsakani.

Ya rubuta abin da ya gani kawai. In aiki ya kai kashi 60, ya ba da shaidar kashi 60, ya jera abin da ya rage. Ɗan kwangila ya sami haƙƙinsa, gari bai yi asara ba.

Ya je tun kafin a rufe. Ranar ɗaura rodi da ranar zuba kankare sun fi ranar fenti muhimmanci. Ya ɗauki hoto da waya, ya rubuta a littafin wurin aiki da kwanan wata, ya sa mai aiki ya sa hannu.

In umarni ya zo da baki, ya nemi a rubuto, cikin ladabi: “Ranka ya daɗe, a taimaka a sa mini a fayil, in ya so sai in bi.” Umarni da yawa a nan suke mutuwa, domin mai bayarwa ya san abin da yake gudu.

Kada ya je da “a'a” tsirara, ya je da mafita: a rage girman aikin a rubuce, ko a nemi a sake duba farashi, ko a buɗe ɓangaren da ya kammala a ɗage sauran. Kada kuma ya je shi kaɗai. Rahoton mutum uku ya fi na mutum ɗaya wuyar murɗewa.

Ya ƙi goron farko, domin wanda ya karɓa sau ɗaya bakinsa ya mutu. Ya kuma sanar da dattawan gidansu matsayinsa tun kafin a turo su, don in an je musu su ce yaron nan ba ya yi.

Amma inda rai ke cikin haɗari, kamar ginshiƙi ko rufin da yara za su zauna a ƙarƙashinsa, babu sasantawa. Ya ƙi, ya rubuta dalili, ya kai gaba.

Gari ya tsaya wa mai tsaya masa

Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yulin 2024, cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, yana nufin in an aiwatar da shi kwangiloli da yawa za su koma hannun sakatariyoyi irin na Rogo da Ƙaraye. Kuɗi zai matso kusa da jama'a, matsin ma zai matso.

Jama'a ba su rasa makami ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa ikon neman takardun kwangila, ta kuma ba hukuma kwana 7 ta amsa. Tun 2014 shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT yake wallafa ayyukan da aka saka wa kowace mazaɓa a kasafi. Makarantu suna da kwamitocin iyaye da al'umma, garuruwa suna da ƙungiyoyin ci gaba, ga masu unguwanni da dagatai da limamai, ga gidajen rediyon Kano da ba sa raina koken ƙauye.

Kusan kowane gari yana da birkila ko kafinta da zai gane bulo marar siminti daga nesa. Abin da ya rasa shi ne sanin abin da takarda ta ce. Don haka kowane aiki ya zo da allo a bakinsa, da Hausa, mai ɗauke da sunan kamfani, da kuɗin aikin, da abin da za a yi, da ranar gamawa. Gwamnati ta ware kuɗin zirga-zirgar masu duba aiki, ta biya 'yan kwangila a kan lokaci, ta hana sayar da kwangila. Majalisa ta zartar da dokar da za ta kare mai faɗin gaskiya.

Ga mutanen Fulatan da maƙwabtansu kuwa, kira ɗaya ne. Ranar da aka sauke yashi da bulo a garinku, ku tura wakilai su nemi ganin takardar aikin, su kuma halarci ranar zuba kankare. In kuka ji an ce wani jami'i ya ƙi sa hannu, kada ku shiga cikin masu zuwa ba shi baki. Ku je ku tambaye shi dalili, in gaskiya ce ku rubuta ku mara masa baya, domin 'ya'yanku ne za su zauna a ƙarƙashin wannan rufin.